Kano Zuwa Accra: Awa Biyu A Sama, Wuni Guda A Hanya

Idan aka ɗora zare a kan taswira aka miƙe shi daga Kano zuwa Accra, nisan bai cika kilomita 1,200 ba. Jirgin fasinja na zamanin nan, idan ya daidaita a sama, yana cin kilomita wajen 800 cikin awa guda. Ko an haɗa da tashi da sauka da 'yar gangarawar da yake yi a ƙasa kafin ya ɗaga, tafiyar ba za ta wuce awa biyu ba. Ga shi kuma agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, don haka wanda ya tashi daga Kano bayan Azahar yana iya samun jam'in La'asar a unguwar Nima da ke Accra. Lissafin takarda ke nan, kuma daidai yake. Abin da ya rage shi ne jirgin da zai yi tafiyar, shi ne kuwa na nema ban samu ba.

Biki ne ya kai ni. Wan kakana ya bi fatake zuwa ƙasar Gwanja tun yana saurayi, ya gangara Kumasi, daga can ya zarce Accra, ya yi aure ya hayayyafa, ƙasa ta rufe masa ido a can. Zuriyarsa suna Nima da Maamobi har gobe. Zumuncinmu da su ya daɗe yana tafiya a bakin matafiya da cikin wasiƙa, yanzu kuma ya koma WhatsApp. Da aka tashi aurar da ɗaya daga cikin tattaɓa-kunnensa aka aiko mana da goron gayyata, sai dattawan gidanmu suka ce wannan karon saƙo bai wadatar ba, zumunta a ƙafa take. Aka ce ni zan wakilci gida.

Mai sayar da tikitin bai ko dubi kwamfutarsa ba ya ce da ni, "Malam, Accra daga nan? Sai dai ka bi ta Legas ko ta Abuja." Daga Kano zuwa Legas ta sama kilomita 830 ne da 'yan kai, tafiyar awa ɗaya da rabi. Daga Legas zuwa Accra kilomita 400, awa guda a rubuce a tikiti, a sama kuwa ba ya ma kaiwa. In ka tara, za ka ga ratsen Legas bai ƙara wa tafiyar ko kilomita 50 ba. Ta Abuja ma duk kanwar ja ce: wajen 370 zuwa Abuja, wajen 900 daga can zuwa Accra. Ashe tazarar ba ta da laifi. Abin da ke cinye wunin mutum shi ne zaman jira tsakanin jirgi da jirgi.

Abin ya fi damuna da na tuna Jidda. Tsakaninta da Kano kilomita wajen 3,400 ne, kusan ninki uku na nisan Accra, amma maniyyaci yana hawa jirgi ɗaya ya sauka a can cikin awa biyar. Wanda ya tashi daga Accra zuwa Landan, kilomita sama da 5,000, yana isa cikin awa bakwai ko ƙasa da haka. Ni da zan je maƙwabta, gidan 'yan'uwa, na bar gida ana fitowa daga sallar Asuba, ban taka ƙasar Ghana ba sai da rana ta yi ja. Ban kuma yi tafiyar da hunturu ba. Wanda ya saba tashi daga Kano a Disamba ko Janairu ya san yadda hazo ke tsare jirgi a ƙasa tun safe har yamma, kuma da zarar jirgin farko ya makara, na biyun ya tafi ya bar ka.

A Legas jirginmu ya sauka a ɓangaren jiragen cikin gida. Sai ka jira kayanka, ka ɗauka, ka fita ka nemi mota zuwa ɓangaren ƙasashen waje, ka sake shiga layi: awon kaya, duba fasfo, binciken jiki. Bayan nan sai kujera. A nan na yi Azahar, a nan na yi La'asar, kunne yana ga lasifika. Kusa da ni akwai wata dattijuwa 'yar Damagaram da za ta Kumasi duba 'yarta da ta haihu. Ita tafiyarta ta fara ne da mota daga Damagaram zuwa Kano, kuma ko ta sauka Accra akwai sauran wata motar ta awa biyar a gabanta. Ta kwance bakin mayafinta ta ɓara goro ta miƙo mini ɓari, ta ce, "Ɗana, karɓi ka taɓa, zama ya yi zama." Goro fari ne, ɗan Ghana. Ya riga mu yin wannan tafiya, ta ɗaya gefen.

Da aka kira mu, tafiyar kanta ba ta ɗauki komai ba. Jirgin ya ɗaga ya karkata yamma ya bi gaɓar teku. Ta tagar dama ina hangen farin layin kumfa inda ruwa ke dukan yashi, da tafkunan da ke kwance a bayansa, sai gari ya bayyana ya wuce, wani ya bayyana ya wuce. Kwatano ce da Lome. Can sai ga bakin kogin Volta yana juye ruwansa a teku, sai jiragen ruwa jere a gaban tashar Tema suna jiran layi. Kafin ma'aikatan jirgi su gama kwashe kofunan ruwa matuƙi ya ce a ɗaura ɗamara. Iyakoki uku muka tsallake, ba wanda ya ce mana kanzil. Da muka sauka wayata ta ja agogonta baya da kanta, lokacin da ta nuna kusan shi ne lokacin da muka bar Legas. Dalili kuwa, layin Greenwich da ake auna agogon duniya da shi ya ratsa ta Tema, nan gabas da Accra.

Filin jirgin, wanda aka daɗe ana kira da sunan Janar Kotoka, ɗaya daga cikin sojojin da suka kifar da Kwame Nkrumah a 1966, yana tsakiyar gari. Sabon ɓangarensa da aka buɗe a 2018 yana da tsabta da tsari, wannan kam a yaba musu. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar 1979 ta ba shi zaman kwana 90, amma a tabbata katin allurar shawara yana hannu, ana tambayarsa. Daga nan zuwa Nima 'yar tafiya ce, sai dai mun faɗa cikin cunkoson masu tashi daga aiki. Lokacin da muka ɓata a motar ya kusa kai wanda muka yi daga Legas. Ɗan'uwana da ya zo tarbata ya nuna mini dogayen hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa da aka buɗe a 2021, ya ce da na gan su to mun iso gida.

Mun iso gida kuwa. Tun daga bakin titi Hausa ce ke tashi ta ko'ina: mai tsire, mai shayi, yaron mota, yara masu dawowa daga makarantar allo. Ba duka ne Hausawa ba. Akwai Zabarmawa da Kotokoli da Mossi da Dagomba da Wangarawa da Fulani da Yarabawa, kowa da yarensa a ɗakin uwarsa, amma da an fito lungu Hausa ce ta kowa. Lungunan matsattsu ne, wani wurin sai an karkace ake wucewa, gidajen haya ne masu ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya. Babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi tana nan, kuma in aka yi ruwa mai yawa mutanen bakinta ba sa barci. Unguwa ce da gwamnatoci suka daɗe suna yi wa alkawari. Daga cikin lungunan nan Mohammed Kudus ya fito, ya je ya buga ƙwallo a Ajax da West Ham, kuma babu yaron da za ka tsayar a Nima bai ba ka tarihinsa ba.

Gwaggo, autar wan kakana, ita ce babbar gidan yanzu. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, tana tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a hoto. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Ina ci ta ce, "Ɗana, yaushe ka baro gida?" Na ce, "Yau da asuba, Gwaggo." Ta yi salati. Ta ce Baba ya sha gaya musu da ƙafa ya zo, a bayan jakuna, sai da ya ga tsayuwar wata uku a hanya kafin ya ga dajin goro. Ni da na shigo da ƙorafin zaman Legas a bakina sai na haɗiye shi.

Hanyar da ya biyo tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 fataucin goro ya kai ƙarshen bunƙasa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani, madugu ne shugaba, jagaba a gaba yana neman masauki, uban dawaki yana kula da sha'anin biyan kuɗin hanya. Su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Illo ko Busa, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango ko Yendi, su sauka Salaga. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, mutum sama da dubu maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Suna kai kanwa da baƙin Kano da jima da gabu, kuma gaskiya ɗaya ce, har da bayi, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce. Su juyo da goro.

Goro kuwa kaya ne mai rai. Ana jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, kuma duk 'yan kwanaki sai an kwance an yayyafa ruwa an tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ɗaya ya ɓata saura. Haka za a yi ta yi wata da watanni, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga garama a ƙofar kowane sarki, ga 'yan fashi a dajin Borgu. Zuwa da dawowa kan cinye rabin shekara, wani lokaci shekara cur. Na ga ragowar wannan sana'a da idona a kasuwar Nima. Wani dattijo yana zaune a kan buhu, ya baje goro a faifai, yana ɗaukar kowane ɗaya ya juya shi a yatsu ya duba gindinsa, mai kyau ya jefa dama, mai tabo ya jefa hagu, bakinsa yana hira hannunsa bai tsaya ba. Da ya gama ya tsoma hannu a kwano ya watsa ruwa, ya ja ganye ya rufe.

Abin da ya sa tafiyar wata uku ta yiwu shi ne zango. A ƙarshen tafiyar kowace rana akwai wurin sauka, a kowane babban gari akwai unguwar baƙi mai masallaci da rijiya da maigida wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Zangunan nan a jere suke daga Kano har bakin teku kamar 'ya'yan carbi a zare ɗaya. Bafatake bai san fasfo ba, amma ya san sunan maigidansa a kowane gari, maigidan kuma ya san ubansa. Na yi imani wannan tsari ya fi jakuna da takubba muhimmanci a tarihin hanyar Gwanja, kuma shi ne abin da har yau ba mu gina wa jirgin sama irinsa ba.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin. Wasu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru Salaga, malami kuma marubuci, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka yi Kumasi, wasu suka gangaro Accra, inda tuni akwai Hausawa, da malamai da 'yan kasuwa da tsofaffin sojojin da Turawa suka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Malam Naino ya samu fili a hannun sarakunan Ga a tsakiyar gari, ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20. Nima ƙanwa ce a cikinsu: a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu wurin daga wani gidan mutanen Osu, ya mai da shi mashaƙatar dabbobi, gari ya biyo baya.

Wanda ya fara karya nisan nan da gaske a cikin mutanenmu shi ne Alhassan Dantata. An haife shi a Bebeji a 1877, mahaifiyarsa ta yi zama a Accra, ya biyo sawunta yana matashi. Yana cikin na farko da suka gane cewa goro ba dole ne ya bi bayan jaki ba: a loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas cikin 'yan kwanaki. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, tafiyar watanni ta koma ta makonni. Ratsen Legas da na yi ta ƙorafi a kansa, ashe tun wancan lokaci aka shata shi. Bambancin shi ne su ya rage musu hanya, mu kuwa ya zame mana wurin zama.

Bayan an ɗaura aure an watse, matan gida suka ce ba zan koma Kano ban ga kasuwar Makola ba, ga kuma saƙon atamfa da aka ɗoro mini. Muka hau trotro, ƙananan motocin hayar da ke ɗaukar Accra a kafaɗa, yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran "Accra, Accra," domin a bakinsu tsakiyar gari ita ce Accra. Tun kafin mu sauka kasuwar ta tarye mu. Ba ta da ƙofa da za ka ce nan ta fara. Ta cika rumfunanta ta malalo kan tituna, ta haɗe da Okaishie da Tudu da Kantamanto ta masu gwanjo. Ba masaka tsinke. Kifi busasshe, katantanwa manya-manya, tattasai, sabulu, tukwane, gashin kanti, duwatsun wuya, duk a tafe suke a kan mutane ko a zube a gabansu.

Kasuwar mata ce. Su ne masu rumfa, su ne masu sari, su ne shugabanni, kowane irin kaya da sarauniyarsa mai sasanta rikici da tsara wa 'yan sari layi. Suna zaune ƙarƙashin malafuna masu faɗi, lalitar kuɗi a ɗaure a ƙugu, suna ciniki da Ga da Twi da Turanci, da yawansu kuma da sun ga hula sai su juya Hausa. An gina kasuwar a 1924. Ranar 18 ga Agustan 1979 sojojin Rawlings suka rushe ta, bisa zargin matan da ɓoye kaya da tsawwala farashi, abin da ake kira kalabule a lokacin. Kaya bai yi araha ba don an rushe Makola, domin ba matan ne suka jawo ƙarancinsa ba. An dai raba dubban iyaye da abincinsu a rana ɗaya. Filin yanzu wurin ajiye motoci ne da ake kira Rawlings Park, matan kuwa suna kewaye da shi ta kowace kusurwa suna cinikinsu.

Muka kutsa layin 'yan atamfa. Turame ne jibge tun daga ƙasa har rufi, GTP ta Tema da ATL ta Akosombo da Woodin, gefe guda kuma ga kwaikwayonsu na Sin a rabin kuɗi. Hajiyar da aka kai ni wurinta 'yar Sabon Zongo ce, kakanninta Katsinawa. Ta zaro turmi ɗaya ta warware, ta kama gefe ta nuna mini lambar da ake bugawa a baki, ta juya bayan zanen ta ce in duba, ta gaske ciki da waje duk ɗaya ne. Ta sa na murza, ta sa na shinshina. Da ta ji daga Kano nake ta ce ta daɗe tana son zuwa Kantin Kwari ta ga mayafai da shaddoji da idonta, ta kuma kai tata atamfar. Na ce, "Hajiya, me ya hana?" Ta ce Dubai ta fi mata sauƙi: jirgi ɗaya ne daga nan, ta hau ta sauka. Kano kuwa sai ta yi shirin kwana a hanya. Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a kasuwar. Dubai tafiyar awa takwas ce.

Kayan da na saya wata yarinya ce ta ɗauka, cikin 'yan dakon da ake kira kayayo. Ba za ta wuce shekarun 'yan sakandare ba. Ta naɗa gammo, ta durƙusa, aka jera mata turame a babban kwanon silba, ta miƙe a hankali wuyanta yana rawa kafin ya tsaya, sannan ta shiga cikin taron tana cewa "agoo, agoo" ana buɗa mata. Hausarta kaɗan ce, amma ta ishe mu gaisawa. Daga wani ƙauye take bayan Tamale. Tsakanin Tamale da Accra jirgi awa ɗaya yake yi, kullum yana tashi. Ita a motar dare ta zo, kilomita sama da 600, kuma rabonta da gida tun kafin azumin da ya wuce. Duk wanda zai yi maganar nisa tsakanin gari da gari, ya fara tambaya ko nisan wa ake nufi, domin na mai tikiti daban, na wannan yarinya daban.

A bakin Zongo Lane, tsohuwar unguwar Malam Naino wadda yau ta koma kasuwar kayan lantarki, na tsaya sayen jakar da zan zuba tsaraba. Jakar nan ce mai ratsin ja da shuɗi da kowa ya sani, Ghana Must Go. Ta samo sunanta ne a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka tattara nasu ya nasu. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin wannan kora, ta kuma faɗa a kan mutanen zango, har da waɗanda aka haifi iyayensu a Ghana. Gwaggo ta ce a shekarar nan rabin gidansu ya watse. Ba a daina ba har yau, salo ne ya sauya. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi kasuwancin saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, kuma a kanta aka yi ta garƙame shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. A daidai wannan lokaci Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocin kayan Ghana suka yi ta ruɓewa a Seme. Hedikwatar yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka tana nan Accra, ba nisa da Makola.

Duk da haka fatake ba su mutu ba, jakunan ne suka zama tirela. Albasar da ke cikin miyar Accra yawancinta daga Nijar take zuwa, 'yar Galmi, ta ratso Burkina Faso ta gangaro kudu, tafiyar kwanaki. Tun 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku a bayan gari. Goro kuma yana hawa mota daga ƙasar Asante ya nufi Najeriya. Direbobin nan da yaransu har yanzu a zango suke sauka, wurin maigida.

Da zan dawo na zaɓi mota zuwa Legas, don in ga abin da na tsallake ta sama. Hanyar ba ta kai kilomita 500 ba. Muka bar Accra da duhun asuba, muka wuce Tema, muka haye Volta a gadar Sogakope, muka isa Aflao, inda ƙafarka ɗaya tana Ghana ɗaya tana cikin birnin Lome. Gaɓar Togo ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, kafin ka gyara zama ka iso Hilakonji, a nan agogo ke ƙara awa guda. Sai Kwatano da 'yan acaɓanta masu rigar ɗorawa, sai Seme, sai Badagry. Hanya ce kyakkyawa, teku a dama, itatuwan kwakwa a jere. Amma kowace boda sai an sauka, a bi layin fita, a bi layin shiga, hatimi shida ke nan. Kuɗi iri uku ne, sidi da sefa da naira, kowane canji da abin da yake ci. A wata bodar wani jami'i ya riƙe fasfon wata mata mai goyo yana juya shi, ba abin da ya rasa, har sai da ta gane abin da ake nufi ta kwance bakin zani. Tsakanin boda ta ƙarshe da cikin gari kuwa na bar ƙirga shingaye. Mun shiga Legas bayan Isha'i. Abin da jirgi ya yi a ƙasa da awa guda, mota ta yi shi daga duhu zuwa duhu, kuma akwai sauran kilomita wajen dubu tsakanina da Kano.

Ba haka sama take ba a da. Tun 1925 jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano daga Masar. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri su wuce Khartoum da Alƙahira. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama guda ɗaya na Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya, kuɗinsu ma ɗaya ne a lokacin. Turawa sun yi hakan ne don amfanin kansu, ba na musu. Amma da muka karɓi ragama sai muka raba: a 1958 Najeriya da Ghana kowace ta kafa nata, Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, Ghana Airways ta bi ta a shekarar da ta biyo. An sa hannu a Yamoussoukro a 1999 cewa za a buɗe sararin Afirka ga jiragen Afirka, an sake ƙaddamar da shirin a Addis Ababa a 2018. A Disambar 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a Abuja a soke wasu haraje-harajen tikiti, a rage wasu kuɗaɗen da kashi 25 cikin ɗari daga Janairun 2026. Duk wanda ya taɓa duba takardar tikitin Legas zuwa Accra ya ga yadda haraji ke gogayya da ainihin kuɗin kujera ya san wannan mataki ya daɗe da wajaba.

Masu jirage za su ce babu fasinja, kuma ba a tashin jirgi da kujeru wayam. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai fasinjan Kano zuwa Accra ba ya bayyana a littafinsu da sunansa. Ana rubuta shi a matsayin mai zuwa Legas, ko kuma yana cikin motar dare, ko ya haƙura da tafiyar ɗungurungum kamar yadda Hajiyar Makola ta haƙura. Akwai 'yan goro da 'yan atamfa da 'yan albasa, akwai ɗaliban Arewa da ke karatu a jami'o'in Ghana, akwai masu zuwa Maulidi da ziyarar malamai, irin su Babban Limamin Ghana Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, akwai mutanen Katsina da Maraɗi da Damagaram waɗanda Kano ce babban filin jirginsu mafi kusa, ga dubban gidaje irin namu da rabi ke nan rabi ke can.

Kano ta fitar da Kabo Air a da, yau kuma Max Air da Azman da Rano duk na mutanenmu ne. Ina roƙon masu waɗannan kamfanoni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da na Makola, da sarakunan zango na Accra da Kumasi, su zauna su ƙirga mutanen nan da kyau, hukumomin jiragen sama na ƙasashen biyu kuma su sauƙaƙa izini da haraji. A fara da ƙaramin jirgi, ko sau biyu ne a mako, a riƙe shi shekara guda a gani.